Yadda Za Ka Wanke Tarihinka Kafin Mai Bincike Ya Iso

Kai mai neman aiki, gyara zama. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari za ka samu aiki. Ban ce wataƙila ba. Na gwada su a kan mutum mai rai, abokina da muke kira Mazari, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu yana bakin aikinsa. Daga inda nake ina hango ƙeyarsa.

Ka dai san yadda zamani ya lalace. A da mai aiki zai dube ka sama da ƙasa, ya ce ka zo gobe. Yanzu kuwa sai an bi sawunka kamar wanda ya kwance akuyar mutane. A ina ka yi aiki? Me ya raba ku? Wa ya san ka? Wai suna so su san hannun da za su damƙa wa kayansu. Ni dai a ganina son gulma ne aka yanka wa albashi.

Shi Mazari, kamar ni, makaranta ba ta daɗe da mu ba. Benci ya yi mana tauri. Sai ga wani kamfanin kai saƙo yana neman mutum ɗaya: za a ba shi sabon babur, da hular kwano, da jaka a baya, ya riƙa kai magunguna da ƙananan kaya gida-gida. Tunda aka haifi Mazari wannan ne karon farko da wani ya ce zai biya shi don ya yi yawo. Ya kasa cin abinci. Da ya ji cewa duk wanda ya nema sai an turo mai bincike ya duba inda ya taɓa aiki, sai ya garzayo wurina. Ya yi dabara.

Mataki na 1: Ka zauna ka ji kunyar kanka

Kafin ka wanke riga, sai ka san inda dattin yake. Tuno duk inda ka taɓa yin aiki.

Mazari ya fara tunowa. Ya yi rabon burodi. Ya yi gareji. Ya yi shagon gyaran waya. Ya yi wankin mota, ya yi dakon katako, ya taɓa bin wani mai haɗa wutar lantarki har ranar da wutar ta gaishe shi. Bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ba a kuma taɓa korarsa ba. Shi dai wata safiya ce za a duba a ga babu shi.

Na ce masa, "Ka ga wannan? In suka ji, sun gama da kai. Kamfani ba ya son mutum mai ƙaiƙayin ƙafa."

Ya ce, "Amma ai aikin na yawo ne."

Na ce, "Kai kake ba da shawarar ko ni?"

Ka lura da wannan. Mai neman shawara da ya fara tunani da kansa ya kama hanyar ɓata.

Mataki na 2: Ka dunƙule tarihinka ya zama guda

Masu ɗaukar aiki suna son mutumin da ya daɗe wuri ɗaya har kujera ta ɗauki siffarsa. Saboda haka ka share duk waɗancan wuraren, ka zaɓi guda, ka ce a nan ka girma.

Kada ka zaɓi inda ka yi aiki da gaske, domin su sun san ka. Ka nemi ɗan'uwa mai shago. Jini ba ya tona asiri.

Mazari yana da kawu, ƙanen mahaifiyarsa, mai shagon faci a ƙarshen wani lungu. Shago ne ɗan ƙarami: injin iska mai tari kafin ya tashi, bahon ruwa baƙi ƙirin na neman inda tub ke yoyo, tsofaffin tayoyi jibge har kusa da kwano, da benci mai ƙafa uku da bulo. A nan muka ajiye Mazari tun daga barin makaranta har yau. A takarda.

Mataki na 3: Ka ɗauki hoton mutumin da kake so ka zama

Ari kwat. Ari tabarau, ko da ba ka gani da shi. Ka haɗe fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa a nesa. Mai hoto sai da ya dafa kan Mazari da hannu kafin ya tsaya cak. Hoton ya fito da kyau ƙwarai. Mahaifiyarsa ta duba ta ce, "Allah sarki, ɗan wa ye?"

Mataki na 4: Ka horar da maigidanka na aro

Nan ne aikin yake. Kawu mutum ne da ƙarya ke tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Da muka je masa da maganar, ko ɗago kai bai yi daga tayar da yake ɓarewa ba.

Ya ce, "Ni in ce kana aiki a nan? Kai da ko ruwan bahon nan ba ka taɓa canzawa ba?"

Mazari ya ce, "Kawu, magana ce kawai ta ɗan lokaci."

"Ita ma wuta ta ɗan lokaci ce take cin gida."

In dattijo ya ƙi, kada ka yi gardama da shi. Ka turo masa wadda ta goya shi. Washegari mahaifiyar Mazari ta zo, ta zauna a bencin nan mai bulo, ta tuna masa wanda ya wanke masa gyambo yana yaro. Ta ce yaron nan sau ɗaya a rayuwarsa ya so wani abu har ya kasa cin abinci, shi ne za a ce ƙaninta ne ya tare masa hanya?

Kawu ya ce, "Yaya, zan faɗa. Amma ba zan rantse ba. Wannan kam ko ke ba ki isa ba."

Muka koya masa jimla ɗaya, don tsoho ba ya riƙe biyu: Yaron nan yana nan daga safe har yamma, ba ya zuwa ko'ina. Ya maimaita yana yatsina fuska kamar mai shan maɗaci.

Mataki na 5: Ka horar da maƙwabta

Mai bincike ba wawa ba ne. Ya san maigida zai iya rufa maka asiri, don haka yakan leƙa shagon gefe. Ka riga shi.

Dama da shagon Kawu akwai tela, hagu akwai mai aski. Tela ya ce shi zai faɗi komai muddin Mazari ya daina aron almakashinsa yana yanke waya da shi. Mai aski ya yi dariya har ya kusa kwashe wa wani yaro kunne.

"Kai ne ba ka zuwa ko'ina? Jiya sau nawa ka wuce ta nan?"

Mazari ya ce, "Don Allah dai ka riƙe maganar."

"Na riƙe. Ba ya zuwa ko'ina. Kai, ko gawa ba za a yi wa wannan shaidar ba."

Ka ba kowa jimla iri ɗaya. Wasu za su ce maka wannan kuskure ne, wai gaskiya takan zo da kaya daban-daban. Kada ka saurare su. In baki uku suka faɗi abu ɗaya babu bambancin ko harafi, wa zai yi shakka?

Mataki na 6: Ka guji waɗanda suka san ka da gaske

Kada ka bi ta ƙofar tsofaffin iyayen gidanka. In ka hango ɗaya, ka shiga lungu. Mutumin da ka bari ba sallama, ba ka san abin da ya tanadar maka a ciki ba, kuma ba ka bukatar ka sani.

Mataki na 7: Ka san kamannin abokin gaba

Mai bincike namiji ne. Yana sa kwat ko da rana na narka kwalta. Yana zuwa a mota mai baƙin gilashi, yana da ƙatuwar jaka da ƙaramar fara'a. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma hankali ma ya isa ya gaya maka.

Mataki na 8: Ka tsaya gadi, kuma kada ka motsa

Kamfanin ya ce cikin makon nan za a zo, bai faɗi rana ba. Sai muka tsara: Kawu a shago, ni a benci a matsayin mai jiran a yi masa faci, Mazari kuma a bakin babban titi kan babur ɗin mai aski. Da ya hango mota mai baƙin gilashi, sai ya sheƙo ta lungu, ya riga ta isowa, ya shafa baƙin mai a hannu, ya tsuguna gaban baho.

Aikinsa ɗaya ne tak: ya tsaya wuri ɗaya. Na maimaita masa har ya ce na ishe shi.

Ranar farko ya tsaya. Rana ta biyu ya tsaya, yana kaɗa ƙafa har babur na rawa. A rana ta uku aka wayi gari ma'aikata sun haƙa rami sun datse titin, wai gyaran magudanar ruwa. Motoci suna zuwa suna juyawa. Can wajen hantsi wata tasi ta sauke wata mata a bakin ramin. Dattijuwa ce, da takalmi maras tsini, da lema a hammata, da 'yar jaka irin ta zuwa asibiti. Ta dubi ramin, ta dubi Mazari.

"Ɗana, don Allah ina ne shagon telan nan da ke kusa da mai faci?"

Mazari ya fara kwatance. Ki bi nan, ki karya dama, in kin ga famfon da ba ya kawo ruwa ki bar shi a hagunki. Ya ga idonta ya fara juyewa. Ya dubi titi, babu mota mai baƙin gilashi, kuma da ramin nan ma ta ina za ta bi? Ƙafarsa ta riga ta hau kan giya.

"Hau, Mama. Kafin in gama kwatancen nan mun isa."

To ka san akwai mutanen da ba sa iya tuƙi baki a rufe.

"Wannan lungun in an yi ruwa kada ki biyo shi, Mama, har gwiwa yake kaiwa. Ta bayan makarantar can ake zagayawa. Gidan nan mai koren ƙofa akwai kare, amma haushi kawai ya iya. Na gaba da shi akwai wani tsoho mai ciwon suga, ba ya jin ƙwanƙwasa, sai an leƙa ta taga an kira shi."

"Ka san unguwar nan sosai."

"Unguwar nan kawai? Garin nan duk a tafin hannuna yake. Kin ga gidan burodin can? Na yi musu rabo. Ko da damina ba a taɓa jiran burodina ba."

Mai gidan burodin yana tsaye a ƙofa, da gari har gira. Ya ɗaga hannu. "Mazari! Ɗan banza, ina ka shige? Tunda ka tafi masu shaguna suke zagina."

Matar ta ce a ɗan tsaya ta sayi burodi. Ta shiga, ta ɗan jima fiye da yadda sayen burodi ke bukata, ta fito. Suka ci gaba. Ya nuna mata garejin. Ya nuna mata shagon gyaran waya, inda maigidan ya leƙo ya ce har yanzu cajar da ya manta tana nan an ajiye masa. Ya nuna mata sandar da wuta ta jefo shi daga kai.

Ta ce, "Duk ka yi aiki a wuraren nan? To me ke korar ka?"

"Ba mai kora ta, Mama. In na daɗe wuri ɗaya sai in ji kamar an ɗaure min igiya a ciki ana ja."

"Ka taɓa tafiya da kayan wani?"

"Ni? Ko tsinke. Sallama ce dai ban iya ba."

Ta yi 'yar dariya. Da suka iso ta miƙo masa kuɗi, ya ce haba, ai ke uwa ce.

Mataki na 9: Ka bar shaidu su yi aikinsu

Ina zaune a benci na ga sun tsaya a ƙofar tela. Mazari ya juya kan babur zai koma gadi, ta ce ya ɗan dakata mata. Ta yi wa tela sallama, ta buɗe 'yar jakar nan ta asibiti, ta zaro hoto. Daga inda nake na hango kwat da tabarau.

"Malam, ka san yaron nan? An ce yana aiki a shagon faci."

Tela ya miƙe tsaye kamar ɗan makaranta. "Yana nan daga safe har yamma, ba ya zuwa ko'ina."

Injin babur yana ta ƙara a bayanta. Mazari yana kai, baki buɗe.

Ta tsallaka wurin mai aski. Shi ko hoton bai tsaya gani ba. "Yana nan daga safe har yamma, ba ya zuwa ko'ina." Ya kashe wa Mazari ido ta madubi, don ya nuna masa bai manta ba.

Sannan ta zo gaban Kawu. Suka gaisa a mutunce, ta tambayi aiki, ya tambayi hanya. Kawu bai ga saukarsu ba, kansa na cikin baho. Ya goge hannu a tsumma, ya kalli ƙasa, ya karanto jimlarsa.

Ta ce, "Baba, ka tabbata?"

Ba mu shirya wa wannan ba. Kawu ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya dubi wajen gidan yayarsa. Mutum ne da tunda yake ba a taɓa tambayarsa ko ya tabbata ba, sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi in yana kan gaskiya.

"Wallahi yana nan. Ba ya zuwa ko'ina."

Kalmar na fita ya dafe baki. Amma magana zarar bunu ce.

Matar ta juya ta yafito Mazari. Ya kashe babur, ya taho yana jan ƙafa, karon farko da na ga yana tafiya a hankali. Ta ɗaga hoton kusa da fuskarsa.

"Hoton ya fi ka natsuwa. Tun a bakin rami na gane ka."

Injin iska ya yi tari.

Ta ce, "Ɗana, bari in gaya maka abin da ke fito da ni cikin ranar nan. Mu magani muke kaiwa. In ɗan saƙo ya dawo ya ce ya miƙa wa tsoho maganinsa hannu da hannu, ba mai bin bayansa ya gani. Maganarsa kaɗai muke da ita. In ya ce ya kai alhali yana cikin jaka, mu ba mu sani ba sai an kira mu daga asibiti. Shi ya sa kafin mu ba mutum babur muke son sanin nauyin bakinsa."

Ta mayar da hoton jaka.

"Yaron da ya ɗauko ni, wanda ya san tagar da ake kiran mai ciwon suga, wanda mai burodi ya ce a ba shi makullin shago a yi barci, shi muke nema tun da aka buɗe gurbin nan. Sai dai shi bai nemi aiki ba. Wanda ya nema wannan mai tabarau ne, kuma shi ko ƙofar shago ba ya leƙawa. Shaidu uku sun tabbatar, ɗaya har da rantsuwa."

Mazari ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Mama, to in sake nema?"

"Gurbin ɗaya ne, kuma gobe za a cike shi. In an sake buɗewa ka nema da fuskarka. Ni za a turo, kuma daga shagon nan zan fara."

Ta buɗe lemarta. Ya ce bari ya mayar da ita titi. Ta ce ya bar shi, ai ya koya mata hanya.

Kada ka ɗauka tsarin ne ya gaza. Kowane shaida ya faɗi abin da aka koya masa babu tuntuɓe. Laifin na masu haƙa rami ne.

Mataki na 10: Ka karɓi aikinka

Bayan ta ɓace a kwana, Mazari ya juya zai hau babur. Ya ce zai ɗan zaga ya sha iska.

Kawu ya ce, "Zo nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya jawo wata tsohuwar taya ya ajiye gaban baho.

"Tun ina saurayi ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, sai yau, a gaban baƙuwa, saboda kai. Abin da ya wuce, ni da Ubangijina, zan nemi gafara. Abin da ya rage kuwa kai za ka mayar da shi gaskiya. Na ce kana nan daga safe har yamma. Zauna."

"Kawu, ai magana ce kawai ta..."

"Na ce ba ka zuwa ko'ina."

Mazari ya ruga wurin mahaifiyarsa da yamma ya kai ƙara. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce ita ce ta sa ƙaninta a wannan hali, don haka ba ta da bakin magana, kuma gobe ita za ta tashe shi da kanta.

Yanzu haka yana can. Ya iya ɓare taya, ya iya gano yoyo da kunne kafin a tsoma tub a ruwa. Ruwan baho kullum sabo. Kawu ba ya aikensa ko sayen gam, shi yake zuwa da kansa, don kada rantsuwa ta samu kafa. Wani lokaci sabon ɗan saƙon kamfanin yakan biyo ta lungun da sabon babur da hular kwano, ya ɓata hanya, ya tsaya tambaya. Mazari yakan yi masa kwatance daga tsugune, dalla-dalla, har da karen da haushi kawai ya iya. Sai ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana, ƙafarsa tana kaɗawa a kan bulo.

Na ce za ka samu aiki. Ya samu ko bai samu ba?

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ramin da aka haƙa a titi, ko mai binciken da ya zo a siffar dattijuwa, ko kawun da ke tsoron Allah fiye da yadda tsari ya tanada. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa babur, ko ya samu baho, shi ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kada a neme ni, domin ni ba na zama wuri ɗaya. Mai ƙorafi ya kai wa Mazari a shagon faci. Yana nan daga safe har yamma, ba ya zuwa ko'ina.